Mutuwar Bubayero ta Biyu

Duk ranar Juma'a da hantsi, kafin masu shaguna su fara jan ƙofa su nufi masallaci, Rahima takan zauna gaban kwamfutarta ta rubuta abin da ta sa wa suna Labarin Gida. Shagon nata yana layin da ke gangarawa tashar jirgi a Nguru, ɗan mitsitsi, da injin fotokwafi guda, da kanta guda, da allo a bakin ƙofa mai ɗauke da suna Maɗaba'ar Tsikar Jiki. Wanda ya ji sunan daga nesa sai ya zaci bene ne mai hawa uku. Ita ce shugaba, ita ce mai gyaran rubutu, ita ce mai haɗa shafuka, kuma in gari ya waye ita ce mai shara.

Littattafan ban tsoro take bugawa, 'yan sirara, waɗanda ake karance su a zama ɗaya. Marubutanta shida ne. Masu karatunta kuwa suna zauren WhatsApp, mutum ɗari huɗu da 'yan kai, daga Nguru da Gashuwa da Kumagannam har Haɗeja. A nan take sakin Labarin Gida: wane littafi ne ke hanya, wanne ne ya ƙare a kanta, wace marubuciya ce ta sauka lafiya, wane mai karatu ne ya sami gurbi a jami'a. Mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, amma in ɗan wani ya yi zazzaɓi sai zauren ya kwana yana tambaya.

Cikin marubutan nan shida babu kamar Bubayero, malamin firamare a Gashuwa, ɗan gidan masu shanu da suka daɗe da zama a gefen gari. Dogo ne, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda in ka gan shi ba za ka ce ya taɓa tsorata kaza ba. Shi ne ya rubuta labarin saniyar da ta dawo gida ita kaɗai da sandar makiyayinta ɗaure a ƙaho, labarin da ya sa wata mai karatu ta rantse ta daina sayen nono har wata guda. Kuma shi ne ya kawo dabarar da ta ɗaga maɗaba'ar.

Shekara uku ke nan da ya shigo shagon ya ce, “Anti, littafina zai fito jibi. Ki rubuta a Labarin Gida cewa na ɓace a bakin kogi, an tsinci takalmina kawai.”

Ta yi dariya, ta rubuta. Zauren ya hargitse kwana biyu, ana ta kiran waya, sai ga hoton Bubayero a tsakiyar gonar barkono yana riƙe da sabon littafi. Daga nan abin ya zama al'adar gidan. Duk marubucin da littafinsa zai fito, sai an “kashe” shi a Labarin Gida da irin mutuwar da ke cikin labarinsa: wannan rijiya ta haɗiye shi, waccan inuwarta ta shaƙe ta. Masu karatu suka gane wasan, suka mai da shi gasa, kowa na neman ta'aziyyarsa ta fi ta kowa ban dariya. Da farko Rahima ta kafa doka, ba a sa sunan Allah cikin wasan. Amma wasa ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Bara ma, da kanta ta rufe wata sanarwar da “Allah Ya jiƙan rai,” wani dattijo ya yi mata nasiha ya fice daga zauren, ta ce ai kowa ya san raha ce.

Bana littafin Bubayero na biyar ne zai fito, Baƙon Fadama. Mako biyu kafin ranar fitowarsa ta rubuta: “Abin da zai sami Bubayero wannan karon sai ya fi na kowa. Ku tanadi hawaye.” Da hannunta ta rubuta, tana murmushi, tana cin gyaɗa.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya da safe, tana cikin goge kanta, wayarta ta yi ƙara. Salma ce, matar Bubayero.

“Anti Rahima, sai haƙuri. Malam ya rasu jiya bayan azahar. An kai shi kafin magariba.”

Rahima ta kusa cewa, shi ya sa ki? Kalmar ta zo har bakinta, sai ta ji yadda numfashin yarinyar ke yankewa, ta ji koke-koken mata daga bayanta. Ta zauna a kan kwalin takarda.

Ciwon ƙoda ne, in ji Salma. Wata takwas yana zuwa Nguru wankin ƙoda sau biyu a mako, ya hana a faɗa wa kowa. Rahima ta tuna yadda yakan biyo shagon duk Litinin da Alhamis ya zauna kan benci yana duba gyara, ita tana ɗauka ƙwazon aiki ne ya kawo shi. Ta tuna ranar da ta ga ƙafafunsa sun cika takalmi ta ce, “Malam, daɗin suna ya fara sa ka ƙiba.” Ya yi murmushi ya ce, “To, Anti.” Wannan “to” ɗin ita ta fi komai cin ranta.

Da ta iya tashi, ta buɗe kwamfuta, don ranar Labarin Gida ce. Ba ta yi ado ba, ba ta yi salo ba. Ta rubuta innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta faɗi sunansa da na mahaifinsa, da ciwon, da lokacin jana'iza, da unguwar da ake zaman makoki. Ta ce gobe Asabar sadakar uku, wanda ya sami iko ya je, wanda bai samu ba ya sa shi a addu'a.

Ba a yi minti ɗaya ba amsa ta fara shigowa. Munzali, wani mai gyaran waya a kasuwar Nguru wanda shi ke lashe gasar ta'aziyya kusan kullum, ya rubuta: “Allah sarki Malam. A gaida mutanen can, a ce su sako mana shi kafin littafi ya fito.” Wata ta ce ciwon ƙoda ai bai da ban tsoro, ina aljanin fadamar? Wani ya ce a ajiye masa masar sadaka guda goma. Fuskokin dariya suka yi ta zuba kamar an kwance buhun gero.

Ta sake rubutawa cewa wallahi gaskiya ne. Munzali ya ce, “Anti, har da rantsuwa? A shirya azumin kaffara.” Ta yi saƙon murya tana kuka, aka ce bana Anti ta shiga fim. Ta kira Alamin, mai karatunsu na Gashuwa da ya halarci jana'izar, ta roƙe shi ya yi magana. Ya yi. Sai aka tuna masa cewa shi ne ya ɗauki hoton takalmin nan a bakin kogi shekara uku da suka wuce. Mutum biyar ko shida suka kira ta a gefe, suka ji muryarta, suka yarda. Da suka koma zauren suka faɗa, aka ce an saye su da littafin kyauta.

Ta kife wayar a kan kanta. Ba zagin kowa take yi ba, don ba ta ga laifin kowa ba. Mamaci ba ya bukatar littafi, ba ya bukatar suna, abin da ya rage masa a hannun mutane addu'a ce kawai. Ga mutum ɗari huɗu da ke son Bubayero tsakani da Allah, waɗanda da sun sani da sun cika masa kabari da addu'a, ita ce ta toshe musu baki da hannunta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan ruwan ba ita kaɗai yake duka ba, har da wanda ke kwance ba ya iya kare kansa.

Asabar da sassafe ta shiga motar Gashuwa. An cusa su huɗu a baya, ita da wata mai kwandon bandar kifi da wasu dattawa biyu da ke gardamar farashin taki tun daga tasha har Jajimaji. Wayar tana cikin jaka tana ta zillo a cinyarta. Ba ta duba ba, ta san abin da ke ciki.

Gidan yana ƙarshen gari, inda gine-gine ke ƙarewa fadama ta fara. Maza na zaune a ƙofa kan tabarmi, ɗalibansa na dā da malaman makarantarsu da dangin da suka zo daga ruga. Ta gaishe su daga nesa ta shige. A tsakar gida mata sun cika inuwar darbejiya, ana raba gumba da masa. Salma ta taso da hijabi har ƙasa, idanunta sun ƙanƙance, ta kama hannunta ta kai ta wani ɗaki.

“Inna, ga Anti Rahima. Ita ce mai buga littattafan Malam.”

Inna Asta, mahaifiyar Bubayero, 'yar tsohuwa ce siririya, tana zaune kan buzu ta miƙe ƙafa, carbi a hannu. Idonta busasshe ne, irin na matan da aka tarbiyyantar da su kada a ga hawayensu. Rahima ta durƙusa.

“Inna, ya haƙuri?”

“Haƙuri sai godiya, 'yata. Kin sha hanya.”

“Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.”

“Amin, amin. Matso nan kusa, kunnena ba ya kaiwa nesa.”

Ta matsa. Tsohuwar ta dube ta sosai, sannan ta ce, “An ce mini yana da jama'a a cikin waya. Wai sun fi mutanen da ke ƙofar nan yawa.”

“Haka ne, Inna. Sun fi ɗari huɗu.”

“Sun ji?”

“Na faɗa musu.”

“To me suka ce? Ni ban yi boko ba. Karanta mini in ji.”

Rahima ta dubi Salma. Salma ba ta cikin zauren, ba ta san komai ba, ita ma ta zauna ta zuba ido tana jira. Wasu mata biyu da ke bakin ƙofa suka gyara zama.

Ta ciro wayar. Saƙonni sun haura ɗari uku. Na farkon da idonta ya sauka a kai na Munzali ne, ya haɗa hoton Bubayero da farin ƙyalle ya rubuta a ƙasa, saura kwana nawa ya tashi? Ta yi shekara bakwai tana gyara ƙaryar mutane ta zama littafi, ba ta taɓa zaton ranar da sana'ar za ta yi mata irin wannan amfanin ba.

“Wannan daga Munzali ne, na Nguru,” ta ce. “Ya ce Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa iliminsa da ya koyar da yara ya zama fitila gare shi. Ya ce bai taɓa ganin mutum mai kawaici irinsa ba.”

“Amin,” in ji Inna Asta. “Wa kika ce sunansa?”

“Munzali.”

“Munzali. Allah Ya yi masa albarka, Ya jiƙan nasa iyayen.”

Haka suka yi ta yi. Rahima na ɗauko suna na gaskiya ta ɗora masa addu'ar da ba shi ya yi ba. Mai neman masa goma ya zama mai roƙon Allah Ya raya abin da Malam ya bari. Mai tambayar aljanin fadama ta zama wadda ta yi masa saukar Alƙur'ani. Addu'o'in suna fitowa sumul, dogaye, masu daɗin ji, ko tuntuɓe ba ta yi. Kowane suna sai tsohuwar ta maimaita shi, ta sa masa albarka, ta ja ƙwayar carbi ɗaya. Matan bakin ƙofa suna ta amin. Salma ta rufe fuska da hijabi tana sheshsheƙa. Rahima kuwa ji take kamar tana raba wa mayunwata tuwon ƙasa, suna ci suna godiya.

Da ta kai wajen suna ashirin ta ce, “Sauran duk irinsu ne, Inna.”

Tsohuwar ta ce, “Mutanen da suka yi wannan ba a barinsu ba godiya. Abin nan yana ɗaukar magana, ko? Na ga yaran nan suna yi. Riƙe mini in yi musu.”

“Inna, ai zan isar musu.”

“A'a. Godiyar aike rabin godiya ce.”

Babu hanyar zillewa. Rahima ta danna, ta kai wayar kusa da bakin tsohuwar.

“Salamu alaikum, jama'a,” in ji Inna Asta, da Hausarta mai karyewa irin ta mutanen ruga. “Ni ce na haifi mutumin naku. Na ji abin da kuka ce, mi yetti, na gode. Ni ban san abin da yake rubutawa ba. An ce mini abin tsoro ne, na yi mamaki, don wancan tun yana ƙarami matsoraci ne. In rana ta faɗi ba ya zuwa wajen maruƙa shi kaɗai, sai ya riƙe bakin zanena. Ashe tsoron ne ya tara ya ba ku. To ya tafi inda ba zan raka shi ba. Ciwon nan ya ci shi a tsaye, bai ce wayyo ba, ni ma ban ce ba. In ya taɓa ɓata wa wani a cikinku, ku yafe masa. Yaron nan ba shi da faɗa. Ku ci gaba da yi masa addu'a kamar yadda kuka fara. Allah Ya kai kowa gidansa lafiya.”

Rahima ta saki, saƙon ya tafi. Ta zuba wa wayar ido tana roƙon Allah a zuci, ba ta ma san me take roƙo ba.

Munzali ne ya fara. “Kai, tsohuwar nan ta iya. Anti, a ina kika samo ta?” Fuskokin dariya biyu suka biyo, sai uku. Rahima ta janye wayar daga gaban Inna Asta. Ta ja tsohuwa mai makoki cikin wasan da ba ta san da shi ba, an yi mata dariya ranar sadakar ɗanta. Ta yi niyyar kashe wayar ɗungurungum.

Sai ga rubutu daga Hajiya Zaituna, wata tsohuwar unguwarzoma a Kumagannam, wadda take sayen kowane littafi amma ba ta cika magana a zauren ba.

“Ku dakata. Ku sake saurara. Tun daga farko har ƙarshe matar nan ba ta kama sunansa ba ko sau ɗaya. Da ɗauko ta aka yi, sunan za ta fara kira don mu yarda. Wannan ɗan fari ne, kuma wannan uwarsa ce. Ni ma ina da nawa, shekara arba'in ban kira sunansa ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.”

Zauren ya yi tsit. Tunda Rahima ta buɗe shi ba ta taɓa ganin ya yi minti biyar ba motsi da rana tsaka ba. Ta ga alamar wani yana rubutu, ya fasa. Wani ma ya fara, ya fasa. Sannan ta ga hoton farin ƙyallen nan ya ɓace, wurinsa ya koma “an goge wannan saƙo.” Na ƙasansa ma ya ɓace. Ta ja sama da yatsa, tana kallo ana goge su ɗaya bayan ɗaya, dariyar kwana biyu, kowa na kwashe tasa.

Daga nan wayar ta fara zillo ba ƙaƙƙautawa.

“Wasu ne kuma?” in ji Inna Asta.

“Su ne, Inna.”

“To karanta.”

Ba dogaye ba ne. Babu fitila, babu haske, babu jerin kalmomi. Wani ya rubuta “Allah jikansa” kawai, ko ƙugiyar ƙa bai tsaya sawa ba. Wata ta rubuta “wayyo Malam” ta kasa ƙarasawa. Wani ya tambayi motar Gashuwa ta ƙarshe ƙarfe nawa take tashi. Na Munzali ya zo a tsakiya, layi ɗaya: “Allah Ya gafarta masa. Anti ban sani ba wallahi ban sani ba.”

Rahima ta buɗe baki ta ce, “Wannan ya ce Allah Ya ji...” Muryar ta tsaya nan. Ta sake gwadawa, ta ƙi fita. Kukan da ta riƙe tun daga tashar Nguru ya ƙwace mata, ta dafa buzun da hannu ɗaya, wayar na ta motsi a ɗayan.

Inna Asta ta ajiye carbin. Ta kamo kan Rahima ta jingina da kafaɗarta, tana bubbuga bayanta a hankali.

“Ikon Allah,” ta ce. “Ɗazu kin karanta masu tsawo, masu daɗi, ko ƙwalla ba ki yi ba. Wannan 'yar guntuwar ce ta karya ki?”

Rahima ta gyaɗa kai kawai a jikin kafaɗar.

“To yi a hankali, 'yata. Ba inda za ni.”

Da ta sami numfashi ta goge fuska da bakin mayafi, ta gyara zama, ta koma kan saƙon farko. Ta faɗi sunan mai shi, ta karanta kalmomi biyun da ya rubuta yadda suke, ba ta ƙara ko ɗaya ba. Tsohuwar ta ce amin, ta ɗauki carbinta.